Farfelar Kawu Barau

A Gwammaja, inda akuyarmu ke kwana a da,
Kawu Barau ya girke jirgi, shekara shida bai tashi ba.
Farfelar farko ta maɗaci ce,
damina ɗaya ta lanƙwashe kamar ganda a wuta.

Bana zare ya shimfiɗa, baƙi wuluk,
falle kan falle, yana bin sa da danƙo
har warin ya kori kajin Inna Kande.
Da ta bushe, da hannu ɗaya na ɗaga ta,
ni da tulu ke kayarwa.

Ya ce, “Ladidi, leƙa gindinta.
Ɗan gwamna ne a ciki, mai kawai yake sha.
Jirgi na hawa, ya karkata mata kunne ta gutsiri iska kaɗan,
an miƙe hanya, ta cika baki.
Juyin dai ɗaya ne.”

Ran Asabar muka ɗaure wutsiyar a jikin darbejiya.
Ya tayar. Shanyar maƙwabta ta tsallake katanga,
hular Kawu ta riga jirgin zuwa sama.
Allura kuwa ta tsaya cak inda ya aje ta.
Ita yake kallo,
yana dariyar da ba mai ji.