Birkilan da Ya Fasa Daɓensa

Shekara talatin ina rufe bakin ƙasa,
daga Tudun Jukun har Ƙofar Doka.
Duk tsakar gidan da na shiga da cebur
sai na bar ta sumul kamar faranti.
Masu gida su ce, "Tanimu, kar ka bar ko tsiro,
ganye sauro yake kira."
Na sare gwanda, na tuge lalle,
na zuba wa saiwar ceɗiya kankare,
aka biya ni, har na yi godiya.

Sai ga shekarar kulle.
Kasuwar Sabon Gari ta yi tsit,
hanyar Samaru ta koma ta awaki,
mu tara muka cushe a gida ɗaya
kamar kaji a akurki.
Daɓen da nake nuna wa baƙi
da azahar ya zama tanda,
ko kyanwa sai ta bi ta gindin bango.

Sahura ce ta fara.
Ta ce, "Malam, tukunya ba ta san doka ba.
Alayyafon hamsin ya koma ɗari biyu,
shi ma sai ranar da aka buɗe gari."
Ta kwashe tsofaffin buhunan simintina,
ta cika su da ƙasa da kashin tumaki,
ta jera a inda rana ke fara sauka.
Na yi dariya.
Kwana bakwai, dariyata ta tsiro da kunne biyu.

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa,
duk aka sauya musu hanya.
Fasasshen bokiti ya samu attaruhu,
tsohuwar taya ta rungumi yakuwa,
auta ya daina tambayar ranar komawa makaranta,
ya koma ƙirga furen kuɓewa.

Wata Laraba na ɗauko guduma.
Hannuna ya san inda daɓen ya fi kauri,
ai ni na kwaɓa shi.
Bugun farko a ƙirjina ya sauka.
Da ɓawon ya ɗaga, ga jar ƙasa kwance,
da sanyinta, da tana guda biyu,
ba ta ko yi mini gori ba.

Zaure ya yi wa gaisuwa kaɗan,
sai muka kafa rumfar kara a waje,
benci nan, benci can,
tsakaninsu kamu huɗu na iska.
A na can Barau maƙwabci ke zama,
muna hira da ɗaga murya kamar masu faɗa.
Shi ya miƙo mini irin kabewa a kan tsinin sanda,
ya ce daga Giwa ƙanwarsa ta aiko.

Bai ga furenta ba.
Tari ne, kwana shida.
Sahu biyu kacal muka yi masa,
ba musabaha, kowa ya juya da hannunsa a aljihu.

Ita kuwa kabewa ba ta ji sanarwa ba.
Ta haye rumfa, ta kama katanga,
ta dira gidansa ba sallama,
ta ajiye 'ya'ya uku a bakin rijiya,
tun iyalinsa ba su fita takaba ba.

Yanzu gari ya buɗe,
waya kuma ba ta hutawa:
"Tanimu, zo ka fasa mana gefe ɗaya,
Hajiya na son zogale."
Gidajen da na rufe ne nake bi ɗaya bayan ɗaya,
kuɗin fasawa ya kusa kamo na zubawa.

Jiya a Gyallesu yarona Dogara ya ce,
"Maigida, ka manta nan, ba mu shafe ba."
Na ce bar shi.
Shekara talatin na sa wa ƙasa takunkumi,
sai da na ɗaura nawa wata huɗu
na san abin da take ji.