Akwatin Gidado

Motar Legas ta sauke shi a Kumo,
ba tuta, ba begila,
sai takardar kamfani mai shuɗin hatimi.

Na kai ta barikin Gombe.
Saje ya lashi yatsa, ya bi kundi:
"Ya tuɓe kakinmu, ba namu ba ne."
Lauyan Tudun Wada ya ce,
"Doka ba ta san shi soja ba;
ko kama shi aka yi,
ba fursunan yaƙi ba ne."

Kakanmu ma ya ba da hayar bakansa,
amma da ƙafarsa ya komo.

Gidado, rijiyar man wa ka tsare?
Kwanon da dalarka ta rufa wa Inna
yana kuka in ruwa ya sauko.
Ba ta barci.