Littafin Baƙi na Kara-Bulak

Ni ne Toktosun, tsohon ma'aikacin gidan waya.
Shekara talatin ina raba wasiƙu a bayan doki,
har wasiƙun suka ƙafe, masu karanta su suka watse,
samari suka tafi Mosko dakon siminti,
aka bar mu da tumaki, da ciwon gwiwa, da kukan kogi.

Burul ce ta tara mu a ajin da ta tsufa tana koyarwa.
Muka zauna a kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa.
Ta ce, “Mu kira baƙi.”
Esenbek ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
“Su zo kallon me? Haƙorina ɗaya da ya rage?”
Ta ce, “Rubuta shi, Toktosun. Da shi za mu fara.”

Muka rubuta dutsen da ba ya tuɓe rawanin ƙanƙara,
da tafkin can sama, tafiyar wuni a kan sirdi,
zumar Kanybek, nonon goɗiya mai tsami,
dardumar gashin tumaki da mata ke murzawa da damtse.
Sai gardama: gidan wa baƙo zai fara kwana?
Kwana uku hayin gabas bai gai da na yamma ba,
har aka zuba sunaye a butar shayi, yaro ya zaro.

Jikar Burul ta zana taswira a bayan kalanda,
ta yi gidansu ya fi masallaci girma.
Allon bakin hanya kuwa iska ta juya shi da dare,
mako biyu kibiyarmu na nuna wa duniya makabarta.

Kullum in buɗe littafin baƙi, in rufe.
Ba ɗigon tawada.
Esenbek ya wuce, ya ce, “Ya kasuwa?”

Sai wata Laraba, ana yayyafi,
ga dattijuwa tana tura keke, taya a sace.
Marijke, daga ƙasar da ba ta da dutse ko na jifa.
Muka yi wa yara ado, aka jera su rawa,
Esenbek ya ɗaure tsirkiya uku ya kaɗa har ya yi gumi.
Ta tafa mana. Na ga hammar da ta ɓoye a tafi.

Da asuba muka neme ta, babu.
Ashe tana garke, tsugune kusa da Ainagul,
goɗiya ta harbi bokiti, nono har gira,
su biyu suna ƙyaƙyata dariya,
ba mai jin yaren 'yar'uwarta.

Kwana tara ta yi. Tafkin ko leƙa shi ba ta yi ba.
Ta koyi manna gurasa a tanderu, ta babbake gashin hannu,
ta ɗauki hoton haƙorin Esenbek,
tun ranar ba ya rufe baki.

Kuɗin da ta bari muka sa a gwangwanin alewa.
Wasu suka ce gilashin tagar makaranta,
wasu suka ce katakon gada.
Gada ta ci, don bara ta zubar da Kanybek a ruwa
shi da zumarsa tulu biyu.

Bana shafi goma sha ɗaya sun cika.
Ɗan Ainagul ya dawo da ciwon baya, yana ja wa baƙi doki.
Ya ce wata uku kawai zai yi,
amma na ga ya sake rufin ɗakinsa.
Ba kowa ya dawo ba.
Nawa bai dawo ba.

Jiya direban motar gari ya miƙo mini wata takarda
mai kan sarki, mai hoton shanu a fili shimfiɗe.
A wurin suna an rubuta:
“Zuwa ga goɗiyar da ta harbi bokiti.”

Na zaro tsohuwar jakata daga ƙarƙashin gado,
na ɗaura sirdi.
Gidan Ainagul taku ɗari biyu ne,
amma wasiƙa ba a kai ta a ƙasa.