Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar Talata suka iso Gulfe daga Marwa,
farar mota, laka har ƙofofinta.
Mace ce ta fara saukowa, Madam Zenabu Adum,
igiyar awo a hannu, littafi a hammata.
Ta tsaya gaban ganuwar da awakina ke kwana a gindinta,
ta ce, "Baba, wannan ta ƙasa ce."
Na ce, "Na sani, 'yata. Da ƙasa aka yi ta."
Ba ta yi dariya ba. Direban ne ya yi.

Suka auna tsayi, suka auna kauri,
suka ɗauki hoton hanyar da gara ta bi.
Wani yaro ya tsoma buroshi a shuɗin fenti
ya zana sha bakwai
daidai inda kakana Barmo ya fara jingina bayansa,
shekarar da ya nufi Makka da ƙafa
guzuri ya ƙare masa a bakin Shari.
Ya zauna yana yi wa Kotoko yaɓe don ya tara na jirgi.
Ya tara 'ya'ya.

Bayan sati uku takarda ta zo da hatimi:
kada a ɗebi ƙasa, kada a ɗaure dabba,
kada a kafa ƙusa. Tara, sefa dubu ashirin.
Iya Falta, wadda duk kaka take gutsurar gefen bango
ta gyara murhunta,
ta ce, "To, bango ya zama ma'aikacin gwamnati,
sai a sa masa albashi."
Na kwance awakina na kai su bayan masallaci.
Kwana biyar suna tsinke igiya suna komawa.

Ruwan Agusta bai iya karatu ba.
Dare ɗaya ya zo, ya ci kamu huɗu na ganuwa,
da safe muka tarar da ita zaune cikin kanta.

Ɗan kwangila ya taho daga Kusiri da siminti buhu arba'in.
Madam ta tare bakin motar, ta ce a mayar.
Da la'asar sai ga ta a zaurena,
ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta buɗe littafi:
"Yaya kuke kwaɓawa?"
Shekara sittin ina gini, ba wanda ya taɓa tambayata.
Na ce laka daga gangaren kogi, ba ta fadama ba,
da ƙaiƙayi, da kashin jaki,
a tattake, a rufe, a bar shi kwana tara
sai warinsa ya kori baƙo.
Ta rubuta har da warin.

Mu goma sha ɗaya muka hau.
Kuɗin aiki yana Yawunde, an ce yana tafe,
har yau yana tafe.
Amma tubali ya hau tubali,
jikana Gambo, da ya fi son babur,
ya koyi yadda ake shafa da tafin hannu
a bar shatin yatsu don ruwa ya sami hanya.
Ɓaraguzan da suka rage, Madam ta sa hannu a takarda
aka kai wa Iya Falta har gida.
Ta karɓa, ba ta gode ba. Murhun dai ya tashi.

Ranar gamawa na lura na shafe lambarsu,
shuɗin fentin yana ciki, ƙarƙashin taki guda na yaɓe.
Na ce, "A gafarce ni."
Ta dubi bangon, ta naɗe hannun riga,
ta nutsa ɗan yatsa cikin ɗanyar laka,
ta ja ɗaya, ta ja bakwai.
Bakwai ɗin ya ɗan karkace.

Yana nan, kusa da shatin hannun Gambo.
Da daddare awakin sukan tsinke su je,
ni kuma nakan yi kamar ban ji ba.