Kilomita ta Talatin da Biyu

A Iten, tun zakara bai yi cara ba,
Cherop ta ɗaura agogon da ke gulma da tauraron ɗan'adam,
ta bi jar hanya tsakanin gonakin masara.
Ni ina ɗaki, shayina ya huce,
ina jiran ƙafafunta su zama lambobi.

Wata goma sha huɗu ina tari:
bugun zuciya, faɗin taku, hawa da gangara.
Na ja layi ta tsakiyar ɗigo dubu tara,
layin ya ce a kilomita ta talatin da biyu za ta sare.

Ran Lahadi ta iso wurin.
Na riƙe numfashi.
Sai ma ta ƙara wuta.

Da yamma na tambaye ta.
Ta kwance takalmi, ta dubi farcen da ya yi baƙi:
"Nan ne gidan kakata.
Tana zama bakin shinge,
ba na so ta ga gajiyata."

Na koma gaban kwamfuta.
Iska na da gurbi, tudu na da nasa.
Na buɗe sabo,
har dare ban sa masa suna ba.