Lissafin Mai Tsaron Gida

Sau goma sha ɗaya Nicanor Barreto ya ci ni.
Ni na ƙirga. Shi ya ce sha uku.
Tsufa ne ya ba shi gyara, ban ja da shi ba.

Na farko a nan Paysandú, ruwa na zuba,
yaro siriri kamar sillen kara,
ɗan mahaucin da ke gangaren kogi.
Ban ga ƙwallon ba.
Kukan raga na ji a bayana,
irin na sabon yadi in an keta shi.

Daga nan Montevideo ta kira, ya amsa.
Jirgi ya kai shi Italiya,
shekara huɗu, rabi a fili, rabi a benci.
Ya dawo da jar mota
da gwiwa mai ƙusa biyu.
Motar ta tafi a biyan bashi,
gwiwar ce ta riƙe amana.

Ba gudu ne makaminsa ba, kar a yi masa ƙarya.
Ido ne.
Sai ya kalli turken hagu kamar ya ga ɗan'uwa,
jikinka ya bi kallon,
ƙafarsa ta yi wani zance daban.

Ranar da ya rataye takalma
ni ne a raga, kaina duk furfura.
An ba shi fenariti, ya ɗaga ta sama da ƙarfe.
'Yan kallo suka tafa duk da haka.
Har yau yana cewa tausayina ya ji.

Yanzu ƙofa biyu ce tsakaninmu.
Tun rasuwar Delmira
ni ke kai masa ruwan zafi da ganyen mate da safe,
mu sha da tsinke ɗaya.
A matakalar asibiti ni ke tare shi in ya yi baya.
Hannun da ya kasa kama ƙwallonsa
ga shi yana kama mai ƙwallon.

Lahadin nan yara na wasa a bakin ruwa,
tamaularsu ta gangaro har gaban kujerarmu.
Ya miƙe da ƙyar. Ya kalli hagu.
Ni da shekara saba'in da ɗaya
na karkata.
Ya tura ta dama da bakin sandarsa.

"Sha huɗu," ya ce.
Na ce, "Sha biyu. Zauna, kafin ka faɗi."