Motar da Ake Tarewa

Duk Lahadin ƙarshen wata, a Guéret,
nakan riƙe hannun kakata Léonie
mu gangara silimar bayan gidan waya,
inda Firmin ke haska finafinan yaƙi,
baƙi da fari, hoton na rawa kamar mai masassara.

Fitila ta mutu. Ga dare, ga gada, ga jirgin ƙasa.
Ga saurayi, hula a karkace, taba a gefen baki,
yana jan wayar nakiya kamar igiyar shanya.
Ga budurwa, jambakinta bai goge ba,
ta wuce shingen Jamusawa da murmushi ɗaya.
Gada ta tashi sama. Ɗaki ya kaure da tafi.

Kaka ba ta tafi. Alewa take tsotsa.

"Dubi takalminta," ta ce ƙasa-ƙasa.
"Na fata! A shekara ta arba'in da uku?
Nawa na katako ne, ƙwas, ƙwas,
tun daga kwanar coci ake jin tafiyata.
Hoto ba ya wari, yaro.
Da ka ji kabejin jiya, da jiƙaƙƙen bargo,
da gumin mutum bakwai a rumbun ciyawa."

Shekarunta sha shida a lokacin.
Takarda ce a naɗe cikin famfon keke,
ba ta taɓa buɗewa ba, ba ta san me ta ɗauko ba.
Bindiga kuwa, ko nauyinta ba ta sani ba.
Ranar da sarƙa ta zame mata a bakin shinge
wani soja mai ƙuraje a goshi ya durƙusa ya mayar,
ya miƙo mata famfon da hannunsa.
Ta ce na gode da harshensu.
Sai da ta wuce gonar tuffa ta lura siket ɗinta ya jiƙe.

Layi uku a gabanmu akwai wata sanƙo mai sheƙi.
Anselme ne. Tafinsa ya fi na kowa ƙara.
Wasiƙar da ba sa hannu,
wadda ta kawo mota ƙofar gidansu da asuba
ta kwashi yayanta Célestin da rigar barci,
rabin gari ya san rubutun wane ne.
Ɗaya rabin ya ce ido ya tsufa.
Idan an tashi yakan ɗaga mata hula,
ita kuma ta ɗan sunkuyar da kai.
Gidan burodi ɗaya ne a unguwar.

Wata rana a kan hanyar gida na tambaye ta:
tunda ƙarya ce, me ke kawo ki?

Ta tsaya ta gyara gyale, ta daɗe.
"Ka ga wurin nan, kusa da ƙarshe,
da motar fursuna ke shan kwana a cikin daji,
a sare itace ya faɗo a gabanta,
a ɓalle ƙofar baya, su diro ɗaya bayan ɗaya?
Tasu ba wanda ya tare ta.
Ni nakan zo ne in ga an tare."

Yau silimar ta koma kantin takalma.
Na leƙa jiya ta gilashi.
Duka na fata ne.